Likitan Tiyatar Rage Ƙiba: Kafin Wuƙa da Bayanta

A ƙasar Kunci ba a zagin mutum da ƙiba. Ɗan gari ya tafi birni ya daɗe, ya dawo hutun Sallah wuya ya cika, kumatu sun tasa, tumbi ya ture gaban riga, abin da zai ji daga bakin dattawa shi ne, "Masha Allah, birni ya karɓe ka." Amarya ta yi wata uku a ɗakinta ta murje, yabon na mijinta ne, a ce ya iya riƙo. Rama ce abin tambaya. Kuma akwai dalili. Ƙasa ce ta gero da dawa da gyaɗa da wake, gona na gogar gona daga Kunci zuwa Shuwaki, har iyakar Tsanyawa da Bichi, kuma wanda ya yi huɗa da noma da hannunsa tun saukar damina har kaka ba ya ajiye kitse. Mutane sun san watan Agusta, lokacin da rumbu ya yi ƙasa sabon hatsi bai nuna ba. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna fiye da rabin yaran Jihar Kano 'yan ƙasa da shekara 5 tsayinsu bai kai na shekarunsu ba saboda ƙarancin abinci mai gina jiki. Wanda ya tashi yana ganin tamowa a maƙwabta, da wuya ka shawo kansa cewa cikar jiki ma tana kai mutum kushewa.

Amma wannan binciken dai ya ce mata 28 cikin 100 a Najeriya, masu shekara 15 zuwa 49, nauyinsu ya wuce kima. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ce a 2022 mutum ɗaya cikin kowane 8 a duniya yana fama da ƙibar da ta zama cuta. Yunwa da ƙiba yanzu suna iya zama a zuri'a ɗaya, ƙane a gona, wa a birni.

Daga nan wata sana'a ta samu gindin zama, wadda ba ta da sarki a fadar hakimi irin na wanzamai da maƙera da mahauta: sana'ar likitan fiɗa da ke rage jakar cikin mutum, ko ya sauya wa hanjinsa hanya, domin ƙiba ta sake shi. Masu yin ta a Najeriya ƙalilan ne, yawanci a asibitocin kuɗi na Legas da Abuja. Sauran masu nema jirgi suke hawa zuwa Masar, Indiya, Turkiyya ko Dubai. Sai dai duk inda aka yi aikin gida ake dawowa, kuma gidan wani lokaci ƙauye ne, inda babu wanda ya taɓa jin sunan abin da aka yi wa mutumin.

Ka ɗauki wanda ya bar garma yana saurayi ya zama dillalin hatsi a Dawanau. Wuni yake zaune kan benci, da safe waina da shayi mai kauri, da rana shinkafa da lemon kwalba, da dare tuwo a bi da tsire, tafiyar da kakansa ya yi a ƙasa shi a mota yake yin ta. Bayan shekara 20 ya kai kilo 140. Gwiwa ta ƙi, sujada ta gagara, ya koma sallah a kan kujera. Da dare minshari yake yi har numfashi ya ɗauke, sai uwargida ta taɓa shi ya farka. Suga ya hau, jini ya hau. Ko kuwa mace ce, al'ada ta rikice, haihuwa ta tsaya, dangin miji sun fara ƙananan maganganu. Irin waɗannan ne ke zama a gaban wannan likita, kuma kusan dukkansu sun riga sun gwada abin da ake gwadawa: shayin rage tumbi, jiƙon sassaƙe, ruwan zafi da lemon tsami, ɗamarar roba, barin cin dare. A zubar da kilo 10, kafin shekara ta zagayo an mayar da 15. Ban yarda da masu kiran wannan ragwanci ba. Jikin da ya daɗe da nauyi yana kare nauyinsa. Da an rage masa ci sai ya ƙara yunwa, ya kuma rage ƙona abin da aka ba shi.

Mutane da yawa a nan suna haɗa wannan aiki da zuƙe kitse, kuma tsoronsu yana da tushe. Ba a manta da rasuwar Stella Obasanjo ba, matar shugaban ƙasa na lokacin, ranar 23 ga Oktoba 2005, bayan an yi mata aikin zuƙe kitse a wani asibiti da ke yankin Marbella a ƙasar Sifen. A 2009 wata kotu a Malaga ta sami likitan da laifin sakaci. Amma ayyukan biyu sun bambanta tun daga tushe. Mai zuƙe kitse a ƙarƙashin fata yake aiki, siffa yake gyarawa, bai shafi ci ba, bai shafi suga ba. Likitan rage ƙiba kuwa ko cokali ɗaya na kitse ba ya cirowa. Hanyar abinci yake sauyawa, ya bar jiki ya narkar da kitsensa da kansa cikin watanni.

Sana'ar ta faro da tuntuɓe. A shekarun 1950 wasu likitoci a Minnesota ta Amurka suka fara kauce wa mafi yawan ƙaramin hanji, abinci ya wuce ba tare da jiki ya tsotse shi ba. Nauyi ya sauka ƙwarai, amma gudawa marar yankewa da tsakuwar ƙoda da lalacewar hanta suka biyo baya, wasu suka rasa rayukansu, daga bisani aka watsar da wannan hanya. Wanda ya ɗora sana'ar a kan turba shi ne Edward Mason na Jami'ar Iowa. Ya lura cewa waɗanda aka yanke wa wani sashe na jakar ciki saboda gyambon ciki ba sa sake yin ƙiba, sai ya ce abin da ya zama matsala ga ramamme zai iya zama magani ga mai nauyi. A 1966 ya yi aikin baifas na farko, wato aikin da ke sa abinci ya kauce wa mafi yawan jakar ciki. Ya rayu har ya cika shekara 100, ya rasu a 2020.

A zamanin Mason tsaga ciki ake yi daga ƙirji zuwa cibiya, kuma irin wannan rauni a jikin mai kitse ba ya saurin warkewa. Aiki ta ƙananan huji da kyamara shi ya sauya komai, kuma akwai hannun ɗan Afirka a ciki. Mitiku Belachew, haifaffen Habasha wanda ya yi kiwo yana yaro kafin ya zama likita a Beljiyam, shi ne a 1993 ya fara ɗaura wa jakar ciki zoben da ake iya matsewa ko sassautawa ta wannan hanya, a garin Huy. A 1994 Alan Wittgrove da Wesley Clark na San Diego suka ba da rahoton yin baifas ta huji. Zoben ya yi tashe sannan ya ja baya, domin da yawa sai da aka sake komawa aka cire musu. A farkon shekarun 2000 aikin da ake kira hannun riga, wanda ake yanke mafi yawan jakar ciki a cire, ya fito a matsayin aiki mai zaman kansa, kuma yau shi aka fi yi a duniya.

Yaron Kunci da ke sha'awar wannan sana'a doguwar hanya ce a gabansa. Shekara 6 zai yi yana karatun likita, a ce a Jami'ar Bayero, yana koyon aiki a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da aka kafa a 1988. Shekara guda ta sanin makamar aiki, wata ta hidimar ƙasa. Sannan ya shiga horon fiɗa na shekara 6 ko fiye, yana zana jarrabawar Kwalejin Likitocin Fiɗa ta Afirka ta Yamma, wadda asalinta ya faro a Ibadan a 1960, ko ta kwalejin ƙasa da ke Ijanikin a Legas. Da riƙe wa manya kayan aiki zai fara, a ba shi ɗinkin fata, sannan gwaiwa da afendis, sannan hanjin yaran da taifot ya huda, aikin tsakar dare da likitocin Arewa suka sani sarai. Bayan duk wannan sai ya koma ɗan koyo, domin aiki ta huji hannu ne daban. Ido yana kan allo, hannu yana riƙe da dogon ƙarfe, abin da ka tura dama bakinsa hagu yake tafiya, kuma yatsa ba ya jin laushi ko taurin abin da ake taɓawa. A akwati mai kyamara ake fara koyo, ana ɗaukar ƙananan abubuwa da hantsaki, ana ƙulla zare har hannu ya saba. Masana sun ƙiyasta cewa sai likita ya yi baifas 50 zuwa 100 kafin hannunsa ya faɗa, shi ya sa mafi yawansu sukan je ƙasar da ake yin aikin kullum su zauna ƙarƙashin wani gwani.

Duk da haka, a ganina ba a ɗakin tiyata ake gane gwani ba, a ɗakin ganawa ne. Ma'aunin farko lissafi ne: a ninka tsayin mutum na mita da kansa, a raba nauyinsa na kilo da abin da ya fito. Mai kilo 140 da tsayin mita 1.70 lissafinsa ya haura 48, alhali na mai matsakaicin jiki tsakanin 18.5 da 25 yake. A 1991 hukumar binciken lafiya ta Amurka ta ce a yi aikin ga wanda ya kai 40, ko 35 idan yana da wata cuta irin su suga. A 2022 manyan ƙungiyoyin likitocin wannan fanni suka sauko da shi zuwa 35, da kuma 30 ga mai ciwon suga. Amma lamba ƙofa ce kawai. Za a duba zuciya da hanta da ƙoda da yawan jini. Za a zura kyamara ta baki a ga jakar cikin, a nemi ƙwayar cutar da ke haddasa gyambon ciki, wadda ta yi yawa a ƙasarmu, a kashe ta kafin a taɓa wurin. Za a tabbatar ƙibar ba daga wani magani ta fito ba, kuma wannan tambaya tana da muhimmanci a Kano, inda 'yan mata da zawarawa ke shan ƙwayoyin da ake kira sha-ka-fashe domin su ciko, cikinsu har da dexamethasone mai kumbura fuska, ya hau da suga, ya cinye ƙashi.

Sannan a zo kan tambayoyin da na'ura ba ta amsawa. Wa ke yi maka girki? Da wa kake cin abinci? Matanka nawa, sun san abin da za a yi? Kana shan sigari ko shisha? Idan ranka ya ɓaci, abinci kake nufa? Ina za ka zauna bayan aikin, kuma za ka iya sayen magani kowane wata har ƙarshen rayuwarka? Likitan da ba ya iya kallon mai kuɗi a ido ya ce, "Alhaji, ba yanzu ba," bai gama koyon sana'ar ba. Wanda aka amince a yi masa kuwa, mako biyu zai yi yana cin abinci marar maiƙo da zaƙi, kaɗan kaɗan, domin hanta ta saɓe. Hantar mai ƙiba babba ce, a kan jakar ciki take kwance, idan ba ta ragu ba sai ta tare wa likita hanya.

Ranar aiki nauyin farko a wuyan likitan sa barci yake, domin zura bututun numfashi a maƙogwaron mai kaurin wuya gwaninta ce ta daban. Gadon ma na musamman ne, mai ɗaukar nauyi, ana ɗaga kansa domin hanji ya gangara ƙasa. A huda ciki wuri huɗu ko biyar, babu hujin da ya wuce faɗin yatsa, a hura iskar kabon ciki ya tashi, a sa kyamara, a ɗage hanta. Idan hannun riga za a yi, sai a zura bututu mai kaurin kamar milimita 12 ta baki ya kwanta a jakar cikin ya zama magwaji. Likita ya bi gefensa da wata na'ura mai yanka da ɗinki lokaci guda, tana dasa layukan ƙananan ƙusoshin titaniyam. Kashi 75 zuwa 80 cikin 100 na jakar ake yankewa a zaro ta huji, kuma abin da aka cire ba ya komawa. Abin da ya rage siriri ne, bai fi cin ƙaramin kofin shayi ba. Baifas ya fi wuya. A saman jakar ake yanke ɗan aljihu mai cin cokalin abinci biyu, a yanke ƙaramin hanji a jawo shi sama a ɗinke da aljihun, sannan a haɗa ɗaya bakin can ƙasa. Abinci sai ya riƙa kauce wa sauran jakar da farkon hanji, kamar yadda babbar mota ke bin baifas ta bar cikin gari. Kafin a rufe, likitoci da yawa sukan ɗura ruwa mai launin shuɗi su ga ko ɗinkin yana yoyo. Hannun riga kamar awa guda ne, baifas kamar awa biyu. Kan na'urar ɗinkin sau ɗaya ake amfani da shi a yar, aiki ɗaya yana cin biyar ko shida, kuma daga waje ake shigo da su da dala; a nan babban ɓangaren tsadar yake.

A asibitin da ya ƙware, waɗanda ke rasuwa sanadin aikin ba su kai 3 cikin 1,000 ba. Abin da ake tsoro shi ne yoyon ɗinki, wanda ba ya wuce mutum 1 ko 2 cikin 100, da gudan jini da kan taso daga ƙafa ya toshe huhu. Shi ya sa ake tayar da majinyaci ya taka a ranar da aka yi aikin, kuma shi ya sa nas mai gogewa ke tsaye kan bugun zuciya. Idan ya haura 120 a minti ya ƙi sauka, ko da majinyaci ya ce lafiya lau yake ji, ba a jira gari ya waye.

Da farko an ɗauka ƙanƙantar jaka ce kawai ke aiki. A 1999 masana a Japan suka gano sinadarin girelin mai tayar da yunwa, kuma mafi yawansa daga sashen da ake cirewa a aikin hannun riga yake fitowa. Majinyata da yawa sukan ce abin da ya fi ba su mamaki shi ne tunanin abinci ya daina bin su. Tun 1995 Walter Pories na Jami'ar East Carolina ya ba da rahoton mutum 608 da aka yi wa baifas, inda kashi 83 cikin 100 na masu ciwon suga a cikinsu sugansu ya daidaita, wasu tun kafin nauyi ya fara sauka sosai. A Suwidin an fara bin sawun mutum sama da 4,000 tun 1987, kuma a 2007 aka ga mutuwa ta ragu da kusan kashi 30 cikin 100 ga waɗanda aka yi wa aiki. Cikin shekara guda zuwa ɗaya da rabi mutum kan zubar da kashi 25 zuwa 30 cikin 100 na nauyinsa. Mai kilo 140 ya dawo wajen 100. Ya sa goshi a ƙasa bayan shekaru yana nuni daga kujera, ya taka zuwa gonar mahaifinsa ba tare da ya tsaya hutu ba, ya yi barci iyali ma su yi. Wannan ba ƙaramar ni'ima ba ce, kuma duk wanda ya ga mai irin wannan nauyi yana neman mai kama shi kafin ya miƙe daga tabarma ba zai raina ta ba.

Takardun da asibitocin waje ke bai wa majinyaci suna lissafa abincin da ba a sani ba a Kunci, don haka dole likita ko masanin abincin da ke aiki da shi ya san tukunyar Bahaushe. Mako biyun farko bayan aikin ruwa-ruwa ne: romo da aka tace, nono marar suga, kunun gyaɗa tsararo, kurɓi kurɓi. Mako biyu na gaba mai laushi: kindirmo, alale, dafaffen ƙwai da aka murƙushe, faten wake da aka dama sosai, kifi. Sai wajen mako na shida zuwa takwas ake komawa abinci sosai, kuma a nan ake karo da tuwo. Tuwo haɗiya ake yi, ba a tauna shi, kuma lomar da hannu ya saba yankowa ta kusa cika wurin da aka bari. Wanda ya manta ya haɗiye, sai ya ji ta tsaya a ƙirji, yawu ya taru, amai ya biyo. Dole babba ya sake koyon ci: ɗan gutsure, tauna har ya narke, jira, sannan wani. Nama ko wake ko ƙwai ake fara ci kafin hatsi, domin jiki na bukatar giram 60 zuwa 80 na abinci mai gina jiki kullum, in ba haka ba tsoka ce za ta zube tare da kitsen. Ba a kora abinci da ruwa, sai bayan rabin awa. Lemon kwalba ya haramta. Fura mai suga da kunun zaƙi da zoɓo mai zaƙi, musamman ga wanda aka yi wa baifas, sukan faɗa hanji gaba ɗaya, zuciya ta hau bugawa, gumi ya karyo, jiri ya ɗebe shi, ya nemi wurin kwanciya. Tsakanin wata na uku da na shida gashi kan zube, sannan ya dawo.

Duk wannan jiki yana sabawa. Jama'a ce ba ta saurin sabawa. A ƙauye bayan magariba magidanta a ƙofar gida suke haɗuwa, kowa an fito masa da kwanonsa, a ci na wannan a koma na wancan. Mutumin da ya yi loma uku ya tsame hannu zai ji, "Haba Alhaji, sa hannu mana," kuma idan ya maimaita gobe sai a fara cewa birni ya sa masa girman kai. A cikin gida abin ya fi zafi. Matar da ke da girki ta wuni a madafa, kwano ya dawo kamar ba a taɓa ba. Idan da abokiyar zama, ba za ta ɗauka maganar likita ce ba. Sannan ga rama. Mutum ya zubar da kilo 30 cikin wata shida, riguna sun yi masa yawa an kai wa tela, fatar wuya da ta damtse ta saki, gaisuwa ta koma, "Lafiya kuwa, Alhaji? Allah ya ƙara sauƙi." A bayan ido kuma ana lissafi: ƙanjamau, tarin fuka, ciwon daji, sammu, karayar arziki. Mahaifiya ta aiko da fura da man shanu, ta ce a dama masa ya murmure, kuma ƙin karɓar abin hannun uwa ba ƙaramin abu ba ne. Da yawa suna ɓoye cewa tiyata aka yi musu, ɓoyewar kuma ita ke ciyar da jita-jita. Shi ya sa nake ganin likitan da zai yi wa Bahaushe wannan aiki ya kamata ya zauna da matarsa ko mijinta tun kafin ranar, kai har da uwa idan da hali. Su ne za su riƙe ludayin.

Akwai kuma haɗurran da ke zuwa a hankali. Manomi ko ɗan kasuwa idan jiki ya yi tsami kemis yake aikawa a haɗo masa na ciwon jiki, kuma da wuya haɗin ya rasa diclofenac ko ibuprofen. Ga wanda aka yi wa baifas waɗannan sukan haifar da gyambo a daidai mahaɗar ɗinkin, har ya yi jini ko ya huje. Farasitamol aka yarda masa. Jikinsa kuma ya rage tsotsar wasu sinadarai, don haka ƙwayar bitamin ta kullum, da maganin ƙarin jini, da kalsiyam, da allurar B12 duk wata uku sun zama abokan zama har abada, tare da gwajin jini aƙalla sau ɗaya a shekara. Wanda ya ji sauƙi ya daina, bayan shekara biyu ko uku sai ƙafafu su fara dindiris, jini ya yi ƙasa, mantuwa ta shigo. Mafi gaggawa shi ne amai da ya ɗauki makonni. Yana ƙarar da bitamin B1, mutum ya rikice, ido ya riƙa rawa, tafiya ta gagara. Abin da dangi za su fara nema a irin wannan hali ƙarin ruwa ne, alhali ruwa mai suga da aka ɗaura kafin a ba da B1 yana iya ƙarasa lalata ƙwaƙwalwa.

Azumi ma sai an yi shawara. Mai jakar da ba ta ɗaukar fiye da kofi ba zai iya shan ruwan wuni guda tsakanin buɗa-baki da sahur ba, balle idan azumin ya faɗo a zafin Maris da Afrilu, ga kunu da ƙosai da soye-soye suna jiransa lokacin da yunwa ta fi sa gaggawa. Likitoci da yawa kan ce a dakata wata 6 zuwa 12 bayan aiki, kuma shari'a ta ba marar lafiya damar ramawa daga baya. Mace kuwa ana so ta jinkirta ɗaukar ciki wata 12 zuwa 18, daidai lokacin da haihuwar da ta daɗe tana nema ke buɗewa. Faɗa wa wadda ta shekara takwas tana jiran ɗa ta ƙara haƙurin shekara ɗaya da rabi yana cikin mafi nauyin maganganun wannan sana'a. Bayan shekara biyu kusan kowa kan mayar da ɗan wani abu, wasu kuma su mayar da yawa, galibi ta hanyar abin sha mai zaƙi da ciye-ciye tsakanin abinci, waɗanda ke wucewa ba tare da jakar ta hana su ba.

Mai wuƙar da mutanen Kunci suka sani tun kaka da kakanni shi ne wanzami. Akwai ayyukan aska da likitoci suka daɗe suna kira a bari, irin su cire beli da yankan gishiri, kuma ina bayansu a kan haka. Amma akwai abin da wanzamin gida yake da shi wanda wannan sabuwar sana'a ke bukata ƙwarai. Idan ya yi wa yara kaciya da sanyi, yana zagayowa ya duba rauni har ya warke. Ya san gidan, gidan ya san inda yake kwana, da kaka a kai masa daminsa, ɗansa ya gaje shi a kan gidan. Kasuwar tiyatar ƙiba ta ƙetare ta yanke wannan igiya. A Facebook da Instagram ake tallarta, kuɗin jirgi da otal da aiki a dunƙule, kwana biyar ko shida a sallame ka, sauran sai ta WhatsApp idan an amsa. A 2023 binciken BBC ya gano 'yan Birtaniya 7 da suka rasu tun daga 2019 bayan an yi musu irin wannan aiki a Turkiyya, kuma waɗannan mutane ne da ke da asibitin gwamnati kyauta yana jiransu a gida. Akwai ƙwararru na gaske a Turkiyya da Masar da Indiya. Amma wanda ya karɓi kuɗin yanka bai ɗauki alhakin shekarun da za su biyo ba, rabin aiki ya sayar.

Allurai sun shigo fagen tun da Amurka ta amince da semaglutide domin rage ƙiba a 2021. Tana sauke kamar kashi 15 cikin 100 na nauyi, kuma ga wasu ta wadatar. Sai dai tana da tsada, kowane mako ake yi, da an daina nauyi kan dawo, kuma a 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kan jabunta. Likitan fiɗa na kirki yanzu yana ajiye ta cikin kayan aikinsa, ya san wanda allura za ta isa da wanda sai wuƙa.

Wanda ya yanke shawarar tafiya, a Legas ne ko Alƙahira, ya tambayi likitan tun kafin ya biya ko sisi: irin wannan aiki nawa ka yi, wa zan kira idan zazzaɓi ya kama ni bayan na koma, wa zai duba jinina bayan shekara? Kuma kada ya baro asibitin sai da takarda a hannu mai ɗauke da sunan aikin da aka yi, da ranar, da magungunan da aka hana shi, da gargaɗin a ba shi B1 kafin ruwa mai suga, da lambar da za a samu likitan. Ya yi mata kwafi ya ba matarsa ɗaya, ya ba ɗan'uwan da ke da mota ɗaya. Idan ciwon ciki ya tashi da tsakar dare, asibitin Bichi ko na Kazaure za a nufa, kuma likitan da ke bakin aiki a daren zai bukaci sanin yadda aka sauya hanjin mutumin kafin ya zura masa bututu ta hanci ko ya rubuta masa allurar ciwo.